Yadda ake rage wa bishiyar gida rassa ba tare da an illata ta ba

Bishiya ba ta warkewa kamar jikin mutum. Idan aka yanke mata reshe, naman da ya mutu ba ya sabuntuwa. Abin da take yi shi ne ta killace raunin daga ciki don kada ruɓa ta bazu, sannan sabon itace ya riƙa tasowa daga gefe har ya rufe bakin. Masanin itatuwan nan na Amurka, Alex Shigo, shi ya fito da wannan bayani fili, kuma a kansa aka gina yadda ake yanka a yau. Don haka inda zarto ya sauka ya fi yawan abin da aka sare muhimmanci.

Fara da zagaya bishiyar hannu rabbana, ka dube ta ta kowace fuska. Abin da za a fara cirewa su ne busassun rassa, da karyayyu, da masu ciwo. Daga nan sai waɗanda suke gugar juna, domin guga tana cinye ɓawo ta buɗe wa cuta ƙofa: zaɓi mai ƙwari, cire ɗayan. Sai tohon da ke fitowa daga gindi, da rassan da suka juya suna shiga tsakiyar bishiyar. Kada ɗanyen ganyen da za ka cire a shekara guda ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ga tsohuwar bishiya a rage ƙasa da haka sosai. Da ganye take haɗa abincinta. Wanda ya aske shi da yawa ya sa ta yunwa.

Lokaci mafi dacewa shi ne sa'ad da bishiyar take hutu, dab da fitowar sabon toho, saboda tana farkawa za ta shiga rufe raunin. Mai furen da ake so don ado, a bari sai furen ya kaɗe. Busasshen reshe kuwa ba shi da lokaci, duk ranar da aka gan shi a sauke shi.

Kayan aiki su dace da kaurin reshe. Almakashin lambu na hannu yana yanka har kaurin santimita 2, mai dogon mariƙi yana kai wa santimita 4 zuwa 5, abin da ya haura haka sai zarto. Adda da gatari ba na wannan aiki ba ne: suna farfasa itace, su bar rauni mai tsage-tsage da ruwa ke kwanciya a ciki. A wasa kayan su yi kaifi, a goge su da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 kafin a koma wata bishiya, ko bayan an taɓa reshe mai cuta. Safar hannu da tabarau na kariya su ma dole ne.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke kuskure. Dubi mahaɗar reshe da jikin bishiya da kyau. Za ka ga wani ɗan kumburi ya kewaye gindin reshen kamar wuyan riga, a sama kuma ɓawo ya tattare ya yi tudu. A cikin wannan kumburi ne ƙarfin rufe rauni yake. Yanka ya tsaya a bakinsa ta waje, ba a taɓa shi ba. Wanda ya shafe reshen daidai da jikin bishiya don wurin ya yi sumul ya yanke wannan kariya, raunin ya yi faɗi, ruɓa ta sami hanyar shiga gangar jikin. Wanda kuma ya bar dogon dungu, dungun zai bushe ya ruɓe, ya hana bakin rufewa. Alamar yanka mai kyau tana bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu: sabon itace ya zagaye bakin raunin kamar zobe, ba giɓi.

Reshe mai nauyi ba a sauke shi da yanka ɗaya, sai uku. Na farko daga ƙasa, kimanin santimita 30 zuwa 45 daga jikin bishiya, ka shiga kamar sulusin kaurinsa. Na biyu daga sama, ka matsa waje da 'yan santimitoci kaɗan daga na farko, ka yi ta ja har reshen ya faɗi. Amfanin yankan ƙasa shi ne idan nauyi ya karya reshen, ɓawon zai tsaya a nan maimakon ya yage ya sauka har jikin bishiyar. Na uku shi ne na cire dungun da ya rage, a bakin kumburin nan.

Idan gajarta reshe kake so ba cire shi ba, koma zuwa wani reshen gefe da kaurinsa ya kai aƙalla sulusin wanda ake yankewa, domin ya iya karɓar ragamar girma. A kan siraran rassa, yanka ya zama kamar rabin santimita sama da idon toho mai kallon waje, a ɗan karkace don ruwa ya zame.

Akwai abin da ba a yi ko kusa: guntule kan bishiya gaba ɗaya don a rage mata tsawo. Abin da ke biyo baya shi ne tarin toho masu saurin girma da ba su kafu a cikin itace ba, a fatar sama kawai suke manne. Cikin 'yan shekaru tsawon ya dawo, rassan kuma sun fi na da saurin karyewa a iska. Haka nan shafa fenti ko kwalta a bakin yanka ba ya hana ruɓa, sau da yawa ma danshi yake riƙewa. A bar wurin ya sha iska.

Ƙaramar bishiya ta fi sauƙin gyara, kuma rauninta ƙarami ne. A shekarar da aka dasa ta a cire karyayyu kawai. Daga shekara ta biyu ko ta uku a zaɓi kai guda ɗaya da zai jagoranci tsawo. In biyu suka tashi kafaɗa da kafaɗa da matsattsiyar mahaɗa, a rage ɗaya tun yana siriri, domin irin wannan mahaɗa ce ke tsagewa idan bishiya ta girma. Rassan ƙasa a riƙa cire su sannu a hankali, ta yadda kashi biyu cikin uku na tsawonta zai kasance da ganye.

Duk reshen da ke tsakanin mita 3 da wayar lantarki, kada ka kusance shi, a sanar da masu kula da wutar. Reshen da kaurinsa ya wuce santimita 10, ko wanda ya rataya a kan rufi, ko aikin da sai an hau tsani da zarton inji, a kira wanda ya ƙware kuma yake da igiya da kayan hawa.