Yadda ake fito da dosiyen da suka ɓuya a kwamfuta ko a kile

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta zo mini ido ya yi ja. Ta kai kile ɗinta, wato ƴar na'urar USB da ake ajiye dosiye a ciki, wani wurin buga takardu, ta dawo gida ta tarar babu komai a ciki, aikin wata uku. Har wani ya ba ta shawarar ta yi masa fomate, wato ta goge komai da ke cikinsa. Da ta bi ta tasa, da aikin ya tafi. Dosiyen suna nan daram, ɓoye su kawai aka yi.

Kafin komai, ka tabbatar. Ka latsa maɓallin Windows da E tare, ka danna kile ɗin da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Propriétés. In ka ga an ci wuri, misali jiga 2, alhali ciki wayam, to kayanka na nan.

Mafi yawan kwamfutocinmu a Maradi da Faransanci suke, don haka da sunayen Faransanci zan yi bayani. A Windows 10, ka hau Affichage a sama, ka sa alama a akwatin Éléments masqués. A Windows 11, ka danna Afficher, ka sake danna Afficher a ƙasan jerin, sannan Éléments masqués. Mai Windows 7 kuwa, wanda ya fito tun 2009 amma har yanzu yana aiki a shaguna da dama, sai ya bi ta Organiser, Options des dossiers et de recherche, Affichage, ya zaɓi Afficher les fichiers, dossiers et lecteurs cachés. Abin da aka ɓoye zai bayyana dushi-dushi, launinsa bai kai na sauran ba.

To amma sau da yawa wannan bai isa ba, kuma nan mutane ke sarewa. Birus ɗin da ke yawo a kile yakan liƙa wa dosiye alamar kayan Windows na kansa, waɗanda ke da ɓuya ta biyu. Sai ya ajiye dosiyen bogi masu irin sunan naka, da ƴar kibiya a gefe. Kada ka taɓa su. Dannawa ɗaya, cutar ta shiga kwamfutarka.

Ga abin da na yi wa ƙanwata. Ka duba harafin da kwamfuta ta ba kile ɗin, mu ce E. Ka latsa Windows da R, ka rubuta cmd, ka latsa Entrée. Baƙin allo zai buɗe, kada ya tsorata ka. Ka rubuta E: ka latsa Entrée, sannan ka rubuta wannan:

attrib -h -r -s /s /d *.*

Ka kula da tazarar da ke tsakaninsu, kuma ka tabbata harafin kile ne a farkon layin, ba C ba. Harafin h yana cire ɓuya, r yana cire takunkumin gyara, s kuma ita ce alamar da birus ya liƙa. Ka ba shi lokaci har layi ya dawo. Wani sa'in za ka ga dosiye marar suna, ka buɗe shi, galibi a can aka tara kayan.

Da sun fito, ka kwashe su zuwa kwamfuta, ka bi su da antibirus, sai bayan nan ka yi wa kile fomate. In ka ci karo da System Volume Information, ka bar shi, na Windows ne.

Don ganin abin da aka ɓoye, mai Mac sai ya latsa Cmd, Maj (wato Shift) da ɗigo tare a cikin Finder, wurin duba dosiye na Mac. Mai Ubuntu, Ctrl da H. In ka gama, ka cire alamar nan ta Éléments masqués, musamman in yara na taɓa kwamfutar.