Abin da ya kamata ka yi idan an ga kalsiyam a zuciyarka bayan bugun zuciya

Idan bugun zuciya ya kama mutum, ɓangaren naman zuciyar da jini ya daina kaiwa gare shi yakan mutu, ya koma tabo cikin mako 6 zuwa 8, kuma bayan shekaru sinadarin kalsiyam yana iya taruwa a tabon har ya fito fari fat a hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka. Wannan taruwa ba daga shan madara ko nono take zuwa ba, domin tana faruwa ko da kalsiyam ɗin jininka daidai yake, saboda haka kada ka ƙaurace wa abincinka a kan haka.

Da farko, ka tambayi likita inda sinadarin ya taru: a tabon ne, ko a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ko a ƙofofinta? Kowanne da nasa hukuncin. Sannan ka nemi hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai amfani da sauti, wanda zai nuna ƙarfin harba jini, ya kuma bayyana ko bangon zuciyar ya kumbura ko jini ya daskare a wurin. A ganina wannan ya fi farin tabon muhimmanci nesa ba kusa ba.

Babu maganin da ke narkar da wannan kalsiyam, duk wanda ya yi maka alkawarin haka ka guje shi. Ka dage da asfirin da maganin rage kitsen jini yadda likita ya rubuta, ka kula da hawan jini da sukari, ka bar taba, ka rage gishiri.

Idan ƙirjinka ya ɗaure, ko numfashi ya gagara in ka kwanta, ko ka suma, a garzaya da kai asibiti nan take.