Yadda Ake Magance "Access Denied" Wajen Ajiye Kwafin Fayil ɗin Lissafin Kuɗi

Duk wanda ke rubuta kuɗin shiga da na fita a manhaja irin su Quicken, QuickBooks, GnuCash ko tsohuwar Microsoft Money, lissafinsa na shekaru yana ƙunshe ne cikin fayil guda ɗaya tak. Shi ya sa gaban mutum ke faɗuwa ranar da ya zo ajiye kwafi, allo ya nuna masa "Access is denied". Wani lokaci "Error 5" ne zai fito, wani lokaci kuma lamba 0x80070005. Duk abu ɗaya suke nufi: Windows ta hana a karanta ko a rubuta a wani wuri.

Sau da yawa lissafinka na nan lafiya, ita ma manhajar ba ta da laifi. Don haka kada ka yi gaggawar cire ta ka sake girkawa, balle ka kai kwamfutar a yi mata fomat. Aikin da ke gabanka shi ne gano wanda ya hana, kuma a wace folda. Matakan da ke ƙasa na Windows 10 da 11 ne, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai haɗari.

Mataki na 1: Fara kwafe fayil ɗin da hannu

Rufe manhajar gaba ɗaya, ka buɗe File Explorer ka nemo fayil ɗin. Na Quicken yana ƙarewa da .QDF, yawanci a foldar Quicken da ke cikin Documents. Na QuickBooks .QBW ne, Microsoft Money .mny, GnuCash kuma .gnucash. Idan ba ka ganin ƙarshen sunayen, shiga View ka kunna File name extensions.

Kwafe shi ka ajiye a wata folda. Idan ya kwafu, ka samu abu biyu: kana da kwafin da za ka koma wa idan gyara ya kwaɓe, kuma alama ce cewa matsalar tana wajen da ake son ajiyewa. Idan kuwa kwafin hannu ma ya ƙi, tsallaka zuwa mataki na 4 da na 5.

Mataki na 2: Canza wurin ajiya

Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %USERPROFILE% ka danna Enter. Foldar asusunka ce za ta buɗe. Ƙirƙiri sabuwar folda a nan, ka sa mata gajeren suna kamar AjiyarKudi, ba tare da ƙugiya ko wata alama ba. Koma manhajar ka ce ta ajiye kwafin a can.

Ya shiga? To tsohon wurin ne ke da matsala. Duba ko ina ne. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, manhaja ba ta da ikon rubutu kai tsaye a Program Files, ko foldar Windows, ko a ainihin bakin C:\ sai da izinin admin. Tsofaffin manhajoji na zamanin Windows XP sun saba zuba bayanansu a Program Files, shi ya sa masu riƙe da Microsoft Money ko tsohuwar Quicken suka fi kowa gamuwa da wannan. Idan nan ne wurin ajiyarka, kada ka tsaya jayayya da Windows, ka ƙaura kawai.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan. Idan tsohuwar manhaja ta yi ƙoƙarin rubutu a Program Files, wani lokaci Windows kan karkatar da rubutun a ɓoye zuwa %LOCALAPPDATA%\VirtualStore. Sai ka ga fayil ɗin da ke Program Files tsoho ne, na gaskiyar yana can a ɓoye. Leƙa ka gwada kwanan watan kowanne kafin ka ƙaura da wanda ba shi ba.

Mataki na 3: Duba masu gadin fayil

A watan Oktoba na 2017 Microsoft ta ƙara wa Windows 10 wani tsaro mai suna Controlled folder access, domin dakile mugayen manhajojin da ke kulle fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa. Idan yana kunne, manhajar da Windows ba ta amince da ita ba ba za ta iya rubuta komai a Documents, Pictures, Music ko Videos ba. Alamarsa a bayyane take: kai da hannunka kana iya ajiye fayil a foldar, amma manhajar lissafi ta kasa.

Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, gangara ƙasa zuwa Manage ransomware protection. Danna Block history ka ga ko sunan manhajarka na ciki. Idan yana nan, koma ka danna Allow an app through Controlled folder access, sannan Add an allowed app, sannan Recently blocked apps, ka zaɓe ta. Ta Quicken sunanta qw.exe, ta QuickBooks QBW32.exe, ko QBW.exe a sababbin fitowa.

Wasu na kashe tsaron gaba ɗaya su huta. Ban ga hikimar hakan ba, tunda fayil ɗin kuɗi na cikin abin da masu neman fansar ke kullewa. Ba wa manhaja ɗaya izini ya isa. Idan kana da wani antibairos daban, irin su Avast ko Bitdefender, su ma suna da nasu tsaron folda mai aiki iri ɗaya. Nemi jerin manhajojin da aka yarje wa ka ƙara taka.

Mataki na 4: Ko wani na riƙe da fayil ɗin?

Fayil ɗin da wata manhaja ke amfani da shi yakan ƙi kwafuwa. Windows na da saƙo daban na wannan, amma manhajojin lissafi da dama ba sa bambancewa, komai "access denied" suke cewa.

Wanda aka fi kamawa da wannan laifi shi ne OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. A sababbin kwamfutoci yakan ɗauke foldar Documents ya mayar da ita ƙarƙashinsa, mai kwamfutar bai ma lura ba. Yana tsakiyar loda fayil ɗin zuwa intanet, manhajar lissafi na son taɓa shi, sai su yi karo. Inda netwok ke da rauni kuwa, lodin kan daɗe bai ƙare ba. Danna alamar gajimare da ke kusa da agogo, ka zaɓi Pause syncing, ka sake gwadawa. Idan ya yi, fitar da fayil ɗin da kake aiki a kansa daga OneDrive, Dropbox ko Google Drive. Kwafin ajiya ne ya dace ya zauna a can, bayan an gama rubuta shi.

Sai batun ɗaukewar wuta. Kwamfutar da ta mutu manhaja na buɗe takan bar alamar kulle. GnuCash na barin ƙaramin fayil mai ƙarewa da .LCK a gefen babban. Idan ka tabbatar ba kowa ke amfani da lissafin ba, zaɓi Open Anyway lokacin da ta tambaye ka. Masu QuickBooks da ke aiki su biyu ko uku a kan fayil ɗaya, sai sauran su fita, kai kuma ka shiga File ka zaɓi Switch to Single-user Mode. Idan har yanzu da saura, danna Restart. Shut down ba ya wadatarwa, domin tsarin Fast Startup yana adana wani ɓangare na Windows ya dawo da shi yadda yake.

Mataki na 5: Mallakar folda, musamman bayan fomat

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Kwamfuta ta fara nauyi, an kai wa mai gyara, ya sake girka Windows, ya bar ɓangaren D: yadda yake don kada fayiloli su ɓace. An dawo gida, an buɗe asusu da suna iri ɗaya da na da, ga foldar ajiya ana gani, amma ta ƙi karɓar komai.

Dalili shi ne Windows ba ta aiki da sunanka. Kowane asusu yana da wata doguwar lamba mai farawa da S-1-5-21, kuma da ita ake rubuta izini a kan faifai mai tsarin NTFS. Kamar a banki ne: mutum biyu na iya yin suna ɗaya, amma lambar asusu ce ke magana. Sabuwar Windows ta ba ka sabuwar lamba, tsohuwar folda kuwa tsohuwar lambar ta sani. Haka ma idan ka ciro faifai daga tsohuwar kwamfuta ka jona a sabuwa.

Danna dama a kan foldar, zaɓi Properties, sannan Security. Idan ka ga Account Unknown da doguwar lamba a gabansa, ka kama bakin zaren. Ga gyaran:

Danna Advanced. A sama, gaban Owner, danna Change. Rubuta sunan asusunka, danna Check Names, sannan OK. Sa alama a akwatin Replace owner on subcontainers and objects, ka danna Apply. Rufe tagogin duka ka sake buɗe Properties, domin canjin ba ya bayyana sai an sake buɗewa. A Security danna Edit, sannan Add, ka saka sunanka, ka ba shi Full control. Ka lura da layin Deny: duk inda aka sa alama a can, tana rinjayar izinin da aka bayar a Allow, don haka cire ta.

Wanda ya fi son rubuta umarni, ya nemi Command Prompt, ya danna dama ya zaɓi Run as administrator, ya rubuta waɗannan biyun ɗaya bayan ɗaya, da sunan tasa foldar:

takeown /f "D:\AjiyarKudi" /r /d y

icacls "D:\AjiyarKudi" /grant "%USERNAME%":(OI)(CI)F /t

Na farko ya mayar da mallakar gare ka, na biyu ya ba ka cikakken izini a kan foldar da abin da ke cikinta da abin da za a zuba nan gaba. A kan foldar ajiyarka kaɗai za ka yi wannan. Duk wanda ya yi shi a kan C:\ baki ɗaya ko foldar Windows, ya jawo wa kansa abin da ya fi na farko, har ta kai sai an sake girka Windows. Kuma kada ka ba Everyone izini don neman sauƙi, musamman a kwamfutar shago da yara da ma'aikata ke taɓawa.

Akwai yanayi ɗaya da wannan duka ba zai yi amfani ba. Shiga Properties, General, Advanced, ka duba akwatin Encrypt contents to secure data. Idan akwai alama a ciki, tsohon asusun ya kulle fayil ɗin da makullin sirri na EFS. Karɓar mallaka ba ta buɗe shi, sai da takardar shaidar tsohon asusun, wadda ake fitarwa a matsayin fayil .pfx. Idan tsohuwar Windows na nan da rai a wani wuri, kada a goge ta, a shiga ta can a cire kullen.

Mataki na 6: Idan filashi ko katin memori ne ya ƙi

Yawancin filashi na zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da izini irin na mataki na 5, ko shafin Security ma ba za ka gani ba. To abin dubawa daban ne. Katin SD yana da ɗan makulli a gefe, tura shi sama. Idan manhajar na son rubutu a kan tsohon kwafi, duba ko an sa masa Read-only, abin da kan faru da fayilolin da aka taɓa kwafowa daga CD. Cire alamar, ko ka ba sabon kwafin wani suna. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu kuwa, a fara bincika shi da antibairos.

Idan faifan ne duka ya zama na karatu kawai, buɗe Command Prompt da ikon admin, rubuta diskpart, sannan list disk. Gane naka da girmansa, rubuta select disk da lambarsa, sannan attributes disk clear readonly. Ka natsu a nan, kuma kada ka kuskura ka rubuta clean, yana share faifai ne. Filashin da ya ƙi warwarewa bayan wannan, galibi ya zo ƙarshen rayuwarsa ne ya kulle kansa. Kwashe abin da ke ciki ka sayi wani.

Kwamfutocin gwanjo da suka fito daga kamfanonin waje wani lokaci suna zuwa da dokar hana rubutu a filashi. Idan kowane filashi ka saka ya ƙi, amma yana aiki a wata kwamfutar, buɗe gpedit.msc ka duba Removable Storage Access. Masu Windows Home ba su da wannan taga.

Batun Run as administrator

Ita ce shawarar da kowa ke fara bayarwa, kuma takan yi aiki. Amfaninta a wurina gwaji ne kawai: idan kwafin ya shiga da ikon admin, ka san matsalar izini ce, ka koma mataki na 2 ko na 5 ka gyara ta daga tushe. Ga masu ajiya a faifan netwok ma takan ƙara dagula lissafi, domin faifan da aka ba harafi kamar Z: ba ya bayyana ga manhajar da aka buɗe da ikon admin, sai an rubuta cikakken adireshinsa mai farawa da \\.

Mataki na 7: Gwada kwafin

Saƙon kuskure ya daina fitowa, saura tabbatar da abin da aka ajiye. Buɗe foldar ka duba kwanan wata da girman fayil ɗin. Idan ka ga 0 KB, babu komai a ciki. Kwafin Quicken yana ƙarewa da .QDF-backup, na QuickBooks .QBB, na Microsoft Money .mbf. Yi amfani da Restore na manhajar ka dawo da shi a wata folda daban da wani suna, kada ya hau kan na ainihi. Duba cinikin ƙarshe da ka shigar da ragowar kuɗin kowane asusu. Idan sun daidaita, rufe shi ka sake buɗe fayil ɗinka na ainihi da hannu, domin manhajojin nan suna buɗe wanda aka yi amfani da shi na ƙarshe ne, kar gobe ka ci gaba da rubutu a cikin na gwaji. Daga nan ka bar manhajar tana ajiyewa a AjiyarKudi, kai kuma ka riƙa kwafe shi da hannu zuwa filashi ko OneDrive, da kwanan wata a jikin sunan, misali lissafi-2025-03-31.