In Sammacin Shaida Ya Same Ka: Yadda Za Ka Hau Bas Ka Isa Kotu A Kaduna Kafin Alƙali Ya Zauna

A Amurka da Ingila akwai tsarin da ake aiko wa mutum takarda a ce ya zo kotu ya zauna cikin mutum 12 da za su saurari shari'a su ce wane ya yi laifi ko bai yi ba, talaka ne kai ko mai kuɗi dole ka je. Mu nan ba mu da wannan, alƙali ne ke yanke hukunci da kansa. Kiran da ke samun irinmu shi ne sammacin shaida, wato an yi abu a gabanka, cinikin fili ne ko bashi ko rigimar gado ko haɗarin mota, kotu na son jin bakinka. Kuma wallahi yana damuna yadda shari'ar mai gaskiya ke lalacewa kawai don shaidarsa ya makara a hanya ko ya ji tsoro ya ƙi zuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan.

Ranar da ma'aikacin kotu ya miƙo maka takardar kar ka gudu, kar ka ce a ce ba ka nan, ba kai ake ƙara ba. Karɓi ka sa hannu, ka karanta a gabansa ko ka sa wani ya karanta maka. Wace kotu ce, lamba nawa, wace rana, su wa da wa ke shari'ar. Wannan "wace kotu" ɗin ita ce ke kada mutane, don Kaduna kotuna ne birjik. Babbar Kotun Jiha na Bida Road, akwai kotunan majistare, akwai kotunan shari'ar Musulunci irin ta Magajin Gari da ta Rigasa, ga Babbar Kotun Tarayya daban, kuma ko a harabar guda ɗaki-ɗaki ne kowane da alƙalinsa. Duba garin ma, Babbar Kotun Jiha na zama a Zariya da Kafanchan. Ɗauki hoton takardar a waya, ka karɓi lambar lauyan ɓangaren da ya kira ka, ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara. In ka share sammaci ba dalili alƙali na da ikon ba da takardar a kamo ka, in rashin lafiya ce ko rasuwa to sanar da lauyan tun kafin ranar.

To sai maganar hanya, wadda ita ce rabin aikin. Kotu ƙarfe 9 na safe take zama. E na sani wani lokaci sai goma ta gota ba a fara ba, amma kar ka yi lissafi da wannan, ranar da ka makara ranar za a fara da taku. Sa a ranka takwas da rabi kana harabar. In daga Kawo, Mando ko Unguwar Dosa kake, motar Kasuwa, wato babbar kasuwar cikin gari, za ka hau ta bi titin Ali Akilu ta faɗa Ahmadu Bello Way. In daga Sabo, Kakuri, Barnawa ko Television ne sai kun tsallaka gadar kogin Kaduna, kuma kowa ya san yadda wajen Station da bakin gadar ke cushewa da safe lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta suka fito gaba ɗaya, ku mutanen kudu ku ƙara rabin awa a kan lissafinku. Mutanen Rigasa da Tudun Wada yawanci keke napep ne zuwa Kasuwa. Mai zuwa Bida Road ya ce wa kwandasta ya sauke shi Leventis, daga nan ya ƙarasa da ƙafa ko ya tari keke, Magajin Gari kuwa ba ta da nisa da Kasuwa.

Kar ka shiga motar da ke tsaye tana jiran cika kwandasta na buga ƙofa yana "Kasuwa mutum biyu! Kasuwa mutum biyu!" alhali kana hango kujeru a buɗe har baya, gara ka matsa gaba kaɗan ka tari wadda ta riga ta ɗauko hanya. Tambayi kuɗin mota kafin ka sa ƙafa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, na safe daban na yamma daban. Ka riƙe canji, ƙananan kuɗi, in ba haka ba za a haɗa ka da wani fasinja a ce ku raba dubu ɗaya a bakin titi kai kuma agogo na cinka. Manyan bas ɗin nan masu gas da gwamnatin jiha ta fito da su a 2025 suna da sauƙi, amma tasharsu kawai suke tsayawa ga layi, sai dai in sammako za ka yi sosai. Takardar sammaci da katin shaidarka a aljihun gaba, waya ma haka. In damina ce sa su a leda.

Shawarata, in ba ka taɓa zuwa kotun ba je ka gano wurin kwana ɗaya kafin ranar. Kuɗin mota ne zai ƙaru amma hankalinka zai kwanta.

Ka ci abinci kafin ka fito don zama ne ba ka san ƙarshensa ba. Sa kaya na mutunci, ba gajeren wando ba, ba silifas ɗin wanka ba. Da ka isa nemi ɗakin kotun, duba jerin shari'o'in ranar da ake mannawa, in ba ka gane ba tambayi magatakarda cikin ladabi, "ranka ya daɗe an kira ni shaida ne a shari'ar wane da wane". Sai ka nemi lauyanku ya san ka iso. Kashe waya kafin ka shiga. Duk wanda ya tare ka a harabar ya ce kawo wani abu a sa taku a gaba, rabu da shi.

In an kira shari'ar sau da yawa za a ce shaidu su fita waje inda ba za su ji abin da ake faɗa ba. Zauna kusa, ba lokacin tafiya shan shayi ba ne. In an kira sunanka za a tambaye ka ko za ka rantse da Alƙur'ani ko Baibul ko kuwa alƙawari za ka yi za ka faɗi gaskiya, mai niyyar taɓa Alƙur'ani ya zo da alwalarsa. Babbar kotu da majistare da Turanci ake yi, in Hausa ta fi maka faɗa tun farko a kawo tafinta, ba abin kunya ba ne, kuma ya fi ka yi ta kame-kame a rubuta abin da ba shi kake nufi ba. Yi magana a hankali don yawancin alƙalai da hannu suke rubutawa. Faɗi abin da idonka ya gani da wanda kunnenka ya ji, "an ce" ba ta aiki a nan. Lauyan ɗaya ɓangaren zai juya tambaya ɗaya ta fuska uku don ya ga ko za ka sauya, aikinsa kenan, kar ka hasala, abin da ka manta ce ka manta. Shaidar zur laifi ce da ake ɗaure mutum a kanta, ga kuma ta Allah na jira.

Zai yiwu bayan duk wannan a ɗage shari'ar ba a ma saurare ka ba, yana faruwa sosai, kuma akwai ciwo ga wanda ya rufe shago ya zo. Kar ka fita sai ka ji sabuwar ranar daga bakin magatakarda ko lauya, rubuta ta a bayan takardar nan take. Yi wa lauyan maganar kuɗin motarka a fili, wanda ya kira shaida ya kamata ya ɗauki wannan. Ma'aikaci ya nuna wa ogansa sammacin tun da wuri, sannan daren ranar komawa buga wa lauyan waya ka tabbatar kotun za ta zauna kafin ka sake kashe kuɗin mota.