Farautar elk da baka irin na da: kurakuran da aka fi yi a shekarar da daji ya ƙi

A jihohin yammacin Amurka masu duwatsu, irin su Kolorado, Idaho, Montana da Wayomin, Satumba watan masu kwari da baka ne, domin a cikinsa ne elk ke barbara. Elk dangin barewa ce, sai dai namijinta yakan kai kilo 300 ko ya ɗara, wato ya fi gwanki jiki, ga ƙahoni masu rassa. Yawancin maharban yau bakan zamani suke riƙewa, mai 'yan tayoyi da abin saiti, wanda Holless Wilbur Allen ya sami rajistar ƙirarsa a 1969. Duk da haka akwai waɗanda suka tsaya a kan baka irin na da, mai tsarkiya ɗaya ba taya ba saiti, kuma wannan zaɓi ya ɗora musu sharaɗi mai nauyi: sai sun matso kusa da dabbar kamar yadi 20, ko ƙasa da haka, kafin su saki kibiya.

A shekara mai kyau ma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, balle shekarar da zafi ya ƙi sauka, ƙasa ta bushe, mazan suka yi gum. A 2020 gobarar Cameron Peak, wadda ta tashi a watan Agusta, ta sa an rufe daji mai faɗi a arewacin Kolorado, masu farauta suka koma suna cunkoso a abin da ya rage. Hunturun 2022 zuwa 2023 kuwa ya kashe dabbobi da yawa a arewa maso yammacin jihar, har hukuma ta rage yawan lasisi. A irin waɗannan shekaru dama takan zo sau ɗaya ko biyu a mako guda, kuma ƙarancinta shi ke tunzura maharbi ya yi abin da ya san bai dace ba.

Babban kuskure shi ne wasa da iska. Elk tana iya ganin motsi ta tsaya tana tantama, tana iya jin karyewar tsinke ta ɗauka 'yar'uwarta ce, amma da zarar ta shaƙi warin mutum magana ta ƙare. A ƙasar duwatsu iska tana da ɗabi'ar da ya wajaba a sani: da dare da sassafe, lokacin da take da sanyi, gangarowa take yi daga tudu zuwa kwari, idan rana ta ɗaga ta ɗumama gangaren, sai ta juya tana hawa, da almuru kuma ta sake gangarowa. Tsakanin juyin nan akwai lokacin da take walagigi, ta bugi fuska yanzu, an jima ta bugi ƙeya. Mutane da yawa sukan ji kukan namiji da hantsi, zuciya ta ɗebe su, su bi shi daga ƙasa alhali iska ta riga ta juya tana kai masa warinsu. Gyaran shi ne a tunkari garken daga ƙasa da asuba, daga sama idan rana ta yi, ko kuma, wanda ya fi duka, daga gefe a tsayi ɗaya da shi. Maharba suna rataya 'yar kwalba mai farin gari a wuya, suna fesa shi kowane ɗan lokaci su ga inda ƙurar ta nufa. Idan ta nufi wajen dabbobin, a ja da baya a zauna, ko da kukan yana nan kusa. Garken da bai san da mutum ba gobe yana nan. Wanda aka firgita yana iya tsallake tsauni biyu kafin ya tsaya.

Daga nan sai yawan kira. Akwai 'yar fata da ake sawa a ganda, ana hura ta cikin bututu a kwaikwayi kukan namiji ko na mace, kuma duk wanda ya taɓa ganin namiji ya amsa ya taho a fusace ba ya son ajiye ta. Amma a filin gwamnati da kowa ke shiga, dabbobin sun ji wannan busa har sun gane ta. Namijin da ya tara mata, idan ya ji ƙalubale daga nesa, sau da yawa tattara matansa yake yi ya bar wurin. Wanda ya taho kuwa yakan tsaya a yadi 60 ko 70, inda yake hangen wurin da kukan ya fito, idan bai ga dabba ba ya juya. Ga mai bakan zamani wannan nisan ma ya yi yawa. Ga mai baka irin na da ba a ma maganarsa. Abin da ya fi aiki shi ne a yi shiru a sanɗa har sai an shiga kusa, sa'an nan a yi kira kaɗan daga bayan wani tudu ko kurmi, yadda dole sai dabbar ta zo har wurin kafin ta gani. Idan mutum biyu ne, mai kira ya koma baya da yadi 50 ko fiye, maharbi ya tsaya a gaba ta ɓangaren da iska ke tafiya, domin namiji yakan zagaya ta can ne don ya shinshina. A ranakun da daji ya yi tsit, goga reshe a jikin itace, kamar yadda namiji ke yi da ƙahonsa, yakan fi busa tasiri.

Wani kuskuren kuma shi ne nacewa a wurin da aka yi sa'a bara. Idan an yi fari, elk takan koma gangaren da ke fuskantar arewa, inda itatuwa suka yi duhu, akwai sanyi da ruwa, kuma ba ta fitowa fili sai dare. Alama ce za ta faɗi gaskiya. Kashin da ya bushe ya yi fari labarin watan jiya ne. Wanda ake nema shi ne mai laushi da sheƙi. Haka ma kududdufin da mazan ke birgima a ciki: idan ruwan ya kwanta garau, an daɗe ba a zo ba, idan kuwa ya dame, ga taɓo ɗanye a jikin ciyawa, ga zarnin fitsari yana tashi, to wurin kwanton ɓauna ya samu. Mutane kan raina zaman dako suna ganin ba farauta ba ce, alhali a shekarar zafi shi ne ya fi dacewa da baka mai gajeren zango, har da tsakar rana, lokacin da yawancin maharba suka koma sansani barci.

Sai maganar harbin kansa, kuma a nan akwai bambancin da mai karatu Bahaushe zai so ya lura da shi. Maharbinmu na gargajiya ya dogara da dafi, ko'ina kibiya ta shiga dafin zai ƙarasa aiki. A jihohin nan doka ta hana dafi, saboda haka kaifi ne kaɗai ke kisa, ta hanyar zubar jini, kuma dole kibiya ta huda huhu biyu. Elk mai huhu ɗaya tana iya tafiyar kilomitoci a rasa ta. Don haka harbi biyu ne kawai abin karɓa: dabbar ta ba da haƙarƙarinta sosai, ko ta ɗan juya baya kaɗan yadda kibiya za ta shiga ta bayan haƙarƙari ta nufi kafaɗar can gefen. Wadda ta fuskanto maharbi a karkace, allon kafaɗarta ya rufe huhun, kuma baka irin na da ba ya fasa shi. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kallon dabbar gaba ɗayanta saboda girmanta. Sai an zaɓi wuri ɗaya ɗan ƙarami a bayan ƙafar gaba, an kafa masa ido, sa'an nan a ja. Girman nata kuma yana ruɗin ido, yadi 30 ya zama kamar 20. Wanda iyakarsa a wajen gwaji yadi 18 ce, ranar ƙarshe ta farauta ba ta ƙara masa ko taku ɗaya.

Kayan aiki ma ana kuskure a kansu ta fuska biyu. Wasu suna sayen baka mai ƙarfin da ya fi ƙarfinsu, su kasa jan tsarkiya har kusurwar baki idan sanyi da gajiya suka haɗu. Ƙarfin da aka rubuta a jikin baka na jan inci 28 ne, kuma kowane inci da aka gaza yana rage laba biyu zuwa uku. Mafi ƙarancin ƙarfin baka da dokar Kolorado ta yarda da shi laba 35 ne, na Wayomin kuwa laba 50 ne ga elk, don haka a duba dokar jihar kafin a tafi. Wasu kuma suna zaɓar kibiya marar nauyi don ta yi gudu. Binciken da Dakta Ed Ashby ya daɗe yana yi a kan manyan dabbobi ya nuna cewa kibiya mai nauyin kusan giram 42 zuwa sama, mai baki biyu da nauyi a gaba, ita ce ta fi ratsa ƙashi. Bakin kuma a wasa shi har ya aske gashin hannu, a riƙa duba shi, domin zama cikin kwari kaɗai yana dakusar da shi. Gashin tsuntsun da ke gindin kibiya a kare shi daga ruwa, tunda a tsaunukan nan ana iya kwana da zafi a tashi da ƙanƙara.

Jan baka yana da lokacinsa. Mai baka irin na da ba ya iya riƙe tsarkiya a ja na tsawon minti, don haka ya jira har kan dabbar ya shiga bayan itace ko ta kau da fuska. Ya kuma durƙusa a gaban kurmi cikin inuwa, ba a bayansa ba, kada reshe ya tare kibiya ko bakin baka.

Bayan harbi gaggawa ce ke jawo asara. A tsaya a lura da inda dabbar ta shige, a saurara, sa'an nan a duba kibiya idan an same ta. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, rabin sa'a zuwa sa'a guda ta isa. Jini ja mai duhu na hanta ne, a ba shi sa'o'i huɗu ko fiye. Idan kibiyar ta fito da ɗanyen kore mai wari, tumbi ta taɓa, sai a janye a hankali a jira sa'o'i takwas zuwa goma sha biyu. Dabbar da aka ƙyale takan kwanta a kusa. Wadda aka tasa ta tafi ke nan.

Wahalar ƙarshe tana kan nama. Jikin elk yana da kauri, fatarta tana riƙe zafi, kuma a ranar Satumba mai ɗumi naman da ke kewaye da ƙashin cinya da wuya yana iya yin tsami cikin 'yan sa'o'i. A feɗe nan take, a raba ƙafafu huɗu, a sa su cikin buhunan yadi masu shan iska, a rataye a inuwa kusa da rafi. Barin nama ya lalace laifi ne a dokar jihohin nan, kuma naman namiji guda sai an yi sawu huɗu ko biyar ana ɗauko shi a baya, saboda haka nisan da mutum zai shiga daji ya auna shi da abin da zai iya fitarwa kafin naman ya ɓaci. A sassan Montana, Wayomin da Idaho da ke da beyar grizzly, wata ƙatuwar dabba mai haɗari da ke cin nama, a matsar da naman nesa da kayan ciki, a ajiye shi inda za a hango shi daga nesa kafin a ƙarasa idan an dawo ɗauka.