Yadda Ake Warware Ma'anar Sunayen Wuraren Bautar Hindu da Abubuwan Bautarsu

Masu koyo sukan ɗauki suna kamar Brihadishvara su nufi ƙamus da shi sukutum, ba su kuwa samun komai. Yawancin sunayen nan kalmomi ne biyu na Sanskrit, tsohon harshen Indiya, aka ɗinke, sai an farke ɗinkin.

Fara da zubar da kalmar da ke nufin ginin: mandir a arewacin Indiya, kovil a harshen Tamil, gudi a harsunan Telugu da Kannada. Haka Shri ko Tiru na farkon suna, girmamawa ce kawai.

Daga nan ka kama sunan ta wutsiya. Ishvara, isha da natha duk suna nufin ubangida ko mai iko. A nan ake tuntuɓe, domin idan wasalin "a" ya gamu da "i" sai su koma "e". Gana da isha suka ba da Ganesha, shugaban rundunar gana masu yi wa Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, hidima. Maha da ishvara suka ba da Maheshvara. Baƙaƙe ma suna sauyawa: jagat, wato duniya, da natha suka zama Jagannath na garin Puri; brihat, wato babba, ya koma brihad a Brihadishvara. Ka rubuta dokokin nan a takarda, ba sai ka kashe kuɗi kan littafin nahawu ba. Hindi kuma tana yanke "a" na ƙarshe, shi ya sa ake jin Ganesh da Mahesh a finafinan Indiya.

Mataki mafi wuya shi ne gane alaƙar rabin farko da na biyu. Kada ka ɗauka sunan da ya zo a gaba shi ake bauta wa. Rameshvaram a Tamil Nadu wurin Shiva ne, ma'anarsa ubangidan Rama, domin labarin mabiya Hindu ya ce gwarzonsu Rama ya bauta wa Shiva a can. Somnath na Gujarat ubangidan Soma ne, wato wata. Wani lokaci rabin farkon shi ne sunan sarkin da ya yi ginin: Brihadishvara na Thanjavur, da aka kammala a 1010, asalinsa Rajarajeshvaram ake kiransa, da sunan Sarki Rajaraja na daular Chola.

Ishvara galibi Shiva yake nufi, amma Venkateshvara na Tirumala Vishnu ne, wani babban abin bautar daban, ubangidan dutsen Venkata. Natha kam ba a dogara da shi: Kedarnath Shiva, Badrinath Vishnu. Ni dai ban yarda da fassarar da ba a gwada ta da wanda ake bauta wa a wurin ba.

Sunayen mata sun fi sauƙi. Akshi ido ne, mina kuma kifi, don haka Minakshi ta Madurai mai idon kifi ce. A Tamil, Amman na nufin abar bauta mace, Perumal kuma Vishnu. Idan sunan ya ƙi farkuwa, duba sunan dutse, kogi ko itacen da ke wurin.