In ruwa ya shiga gida, fara duba gindin bango

Jama'a tunda damina ta kankama bari in faɗi abinda na gani da idona, don mu nan Damagaram yawanci gidan ƙasa ne kuma shi gidan ƙasa sau da yawa ba ya faɗuwa lokacin da ake ruwan, sai bayan an ɗauke kowa ya saki jiki. Kowa ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya rushe a Satumbar 2024, to balle ɗakin talaka.

Abu na farko in ruwa ya shigo, ka kashe kuran, wato wutar lantarki, tun daga kwantar (mita) kafin ka taka ruwan, kar ka ce bari in cire firijo tukuna. Sannan yara da tsofaffi waje. Takardun haihuwa da na gida a zuba su leda a ɗaure.

Daga nan ka zagaya gindin bango ta ciki da ta waje, ka danna da yatsa. In yatsa ya nutse kamar cikin tuwo, ko ka ga tsaga ta taso daga ƙasa tana hawa, ko ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, wallahi kar kowa ya kwana ɗakin nan, gara ku kwana gidan maƙwabta. Haka soro, in azara ta lanƙwasa ko ƙasa na zubowa kaɗan kaɗan to ya sha ruwa ya yi nauyi, kuma galibi indararo ne ya toshe da leda da ganye ruwa ya kwanta sama. In abin ya fi ƙarfinku a kira pompiye, wato masu kashe gobara, a lamba 18.

Ruwan tsakar gida a yi mai hanya da shebur ya fita, kar ya kwana jingine da bango, a tara ƙasa a gindin ginin yadda zai gangara.

Kuskuren da ni kaina na yi, bango bai bushe ba na sa aka shafe shi da siminti, na ga ya yi kyau, ashe na kulle danshin ciki ne, damina ta gaba yaɓen ya ɓamɓare har da rabin bangon. Ka buɗe ƙofa da taga, ka janye gado da kabad daga jikin bango, ka haƙura ya bushe sosai sannan magini ya yi yaɓe da laka mai ciyawa irin wadda aka yi ginin da ita.

Katifar soso a matse a shanya a rana kwana biyu uku ana juyawa, in ruwan ya haɗu da na masai kuma sai dai haƙuri a jefar. Daɓe da kwanoni a wanke da jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, randa a zubar a wanke, ruwan sha a tafasa saboda amai da gudawa. Tsofaffin taya da gwangwani a kife su, kuma yara su kwana cikin gidan sauro.